Giɓin Wuƙa A Gefen 'Yar Dubu

SHAFI NA 19

Masu turo saƙo cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri. Ba jan rai ba ne, hannuna ne ya yi nauyi a kan wannan shafin. Tun yanzu nake gaya muku babu dariya a cikinsa. Duk mai ɗa a gida ya nemi wuri ya zauna kafin ya karanta, don yau abin da Baba ya daɗe yana tsoro zai shigo masa har wurin aiki.

*

Tun da Baba ya hango Auta ta karyo kwanar layin da rana tsaka, sanye da farar rigar kantin maganin da take aiki, ya san ba lafiya ba. Yarinyar da ko abincin rana a gaban akwatin kuɗi take cinsa, me zai fito da ita yanzu?

Shi kaɗai ne a shagon buga takardun, sauran sun fita neman abinci. Yana tsaye inda ya shekara ashirin da shida yana tsayawa, gaban injin yankan takarda. Saboda injin nan 'yan layin suke ce masa Mahaucin Takarda, in sun zo wucewa su ce a yanko musu ta wajen hanta. Yau ma mai gyaran takalman ƙofar shagon har ya buɗe baki zai tsokani 'yar mahauci, da ya ga idonta sai ya mayar da kansa kan aikinsa.

Ta shigo ta tura ƙofa. Ba ta gaishe shi ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Baba, an tafi da Inna mai ƙwai."

"Ina? Asibiti?"

"Ofishin 'yan sanda. Kuma ni na jawo."

Ya jawo mata kujera, ta ƙi zama. A tsaye ta ba shi labarin, muryarta na tsinkewa tana ƙullawa.

Da hantsi Inna ta zo kantinsu sayen maganin hawan jininta, ta miƙo 'yar dubu. Auta tana cikin tambayarta ya ƙafar, hannunta ya yi abin da ya saba, ya zura kuɗin ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske. Kuɗin gaske a ƙarƙashinta shiru yake yi, sai 'yan alamomi su fito. Wannan kuwa gaba ɗayansa ya ɗau haske fat kamar farar riga. Mai kantin yana tsaye a bayanta. Sau uku ana cusa masa jabu a watan nan, ya rantse na huɗu ko uwarsa ce ta kawo sai ya kira hukuma. Auta ta roƙe shi har da durƙusawa, ta ce za ta biya daga albashinta. Ya ce ba kuɗin yake nema ba, tushen yake nema.

Da 'yan sandan suka tambayi Inna wa ya ba ta, cewa ta yi ita tsohuwa ce, masu sayen ƙwai suna da yawa, ba ta riƙe fuskar kowa ba. Suka ce to ta zo ta zauna a wurinsu har ta tuna.

"Da za su fita da ita ta kama hannuna," in ji Auta. "Ta ce, ki gaya wa Ummanki ta kwantar da hankalinta, ni ban ga kowa ba."



Inna ba 'yar uwarsu ba ce, katanga ce kawai ta haɗa su. Amma shekarar da Umma ta yi wata huɗu a kwance, a bayan Inna Dogo, babban ɗansu, ya yi rayuwa. Da shi a goye take kai ƙwai kasuwa, har masu saye suna yi mata barka da haihuwar tsufa.

Auta ta buɗe jaka ta zaro 'yan dubu guda huɗu, ta jera su a kan teburin injin. Daga kanti gida ta wuce, ta ce wa Umma ta kawo kuɗin nan a canza mata da ƙanana. Umma ba ta san komai ba. Jiya ta sayi kiret ɗin ƙwai a wurin Inna da guda ɗaya, sauran ta ƙulle a gwangwanin da take ajiye 'yan kunnenta, don ta ce ba za ta yi saurin kashe su ba. Kuɗi ne na farko da Dogo ya taɓa ɗora mata a hannu. Kwana uku tana ba maƙwabta labari.

"Wataƙila shi ma cusa masa aka yi," in ji Baba. Ya ji muryarsa kamar ta wani.

"Haka nake ta roƙon Allah tun a hanya."

Ta ciro 'yar dubu ta gaske daga aljihunta ta ajiye kusa da su. Ta kama yatsansa kamar yadda shi ya riƙa kama nata tana koyon rubutu, ta goga a kan manyan haruffan. Na gasken yana da kaushi, ana jin tudunsa a farce. Ta goga a ɗayan, sumul kamar bayan faranti. Ta ɗaga su duka biyu wajen taga. A na gasken, fuskar nan da ke ɓoye a farin wurin sai da haske ya ratsa ta fito, don a cikin jikin takardar take. A ɗayan kuwa shafa ta aka yi a sama da tawada mai ruwa-ruwa, ko a kan tebur ana ganinta. Zaren da ya ratsa na gasken yana nutsewa yana fitowa kamar ɗinkin hannu, na jabun kuwa wani siririn ƙyalli ne aka manna, har ya fara ɗagowa ta ƙasa. Ta karkata lambar kusurwa, ta gasken ta sauya launi, ɗayar ta tsaya yadda take.

"Kuma dubi lambobinsu, Baba. Duk huɗun lamba ɗaya. Ko tagwaye ba sa cin suna ɗaya."

Baba bai san zare ba, bai san fuskar ɓoye ba. Amma ya san takarda. Ya kaɗa guda a kusa da kunnensa, ya ji irin sautin da yake ji kullum in ya ɓare sabon rim, wato ƙunshin farar takarda. Sai ya yi abin da kowane mai yanka yake yi in takarda ta shigo hannunsa, ba tare da ya yi niyya ba: ya haɗa huɗun ya buga gindinsu a tebur suka daidaita, ya bi gefen da babban yatsa.

Yatsan ya tsaya.

Ya sake bi. Ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

Sati uku da suka wuce wuƙar injin ta ci karo da wani ɗan ƙarfen maƙala takarda da aka manta a cikin aiki, ta yi giɓi ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Kullum yana yi wa mai shago maganar a kai ta wasawa, kullum sai gobe. Tun daga ranar duk abin da ya yanka yana fita da ɗan tabo a gefe, wanda ba mai lura da shi sai shi. Kuma da yake shi a kullum jikin ƙarfen hagu yake jingina aiki, tabon a wuri ɗaya yake faɗawa, yatsa uku daga kusurwa.

Ya ɗebo tarkacen takardu ya jingina a hagu, ya danne, ya sauke wuƙa. Ya ɗauko ya kara da kuɗin.

Yatsa uku daga kusurwa.

"Baba, mene ne?"

"Ni na yanka su, Auta."

Sai a lokacin ta zauna.

Akwai wata doka da Baba ya gada daga tsohon da ya koya masa aiki: mai yanka ba ya karanta abin da yake yankawa. Shagon yana buga takardun jarrabawar makarantu da na sirrin mutane. In aka kawo aiki an rufe shi da takardar banza sama da ƙasa, an ja layin yanka da fensir a kan marufin, to layin kawai zai bi. Bai taɓa ɗaga marufi ba, ko da kusurwa. Da wannan aka san shi, har makarantu suna cewa in ba Mahauci ne zai yanka ba a dawo musu da aikinsu. Ya sha zaunar da 'ya'yansa yana yi musu alfahari da haka, yana cewa shi bai tara komai ba sai wannan.

Ranar Alhamis ta makon jiya, a irin wannan lokacin da shago ba kowa, Dogo ya shigo da ƙunshi a rufe sama da ƙasa, an ja layuka tsaf. Ya ce tikitin wani taro ne, mai aikin ba ya so a gani kafin ranar. Baba ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. Shekara huɗu yaron nan da gama makaranta yana zaman tsara katin gayyata a kwamfutar wani, yau ga shi da aikin kansa. Ya gyara tsayuwa ya yi masa yankan da ko mai shago bai taɓa samu ba. Har da zolaya ya yi, ya ce wannan tikiti naku ai girman kuɗi gare shi. Dogo ya yi dariya.

Dariyar nan ita ta dawo masa yanzu.

Ya ɗauki waya ya kira shi, ya ce ya zo shago akwai aiki.

Ba a yi minti goma ba Dogo ya turo ƙofa, da sabon takalmi a ƙafarsa. Da ya ga ƙanwarsa ya washe baki.

"A'a, uwar akwati, yau korar ki aka yi ko kantin ne ya ƙone?"

Ba ta ɗago ba. Idonsa ya sauka kan teburin injin, murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Babana," in ji Baba. Haka yake kiransa, don sunan mahaifinsa ya ci. "Matso. Sa yatsanka nan."

Dogo ya sa.

"Yanzu sa a nan."

Ya sa a kan tarkacen. Ya janye hannun ya cusa a aljihu.

"Injin yanka nawa ne a garin nan, Baba?"

"Da yawa. Mai giɓi a wannan wurin guda ɗaya ne. Me na yanka maka ranar Alhamis?"

"Ai na gaya maka, tikiti."

"Na san abin da ka gaya min. Me na yanka?"

Ana jin bugun gudumar mai gyaran takalma daga waje.

Baba bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi wa Dogo sauƙi. Ya ce masa Inna tana ofishin 'yan sanda tun hantsi, kuma ta ce ba ta ga kowa ba. Dogo ya jingina da tarin rim, ya sulale a hankali har ya kai tsugune.

Daga nan maganar ta fito, guntu-guntu. Wani mutum ne mai tabarau ya riƙa zuwa shagon kwamfutar yana yaba hannunsa, yana cewa irin wannan basira ba ta katin suna ba ce. Ya kai shi wani ɗaki mai injin bugawa. Ya ce masa ba talaka za a kai wa ba, manyan 'yan kasuwar da ba sa ko ƙirga kuɗinsu za a cusa wa. Dogo ya ce ya gaji. Ya gaji da ƙanwarsa tana sa masa kuɗin mota a ƙarƙashin filo don kada ya ji kunya. Ya gaji da yadda Baba yake yin shiru in abokansa suna maganar 'ya'yansu.

Baba ya saurara har ƙarshe. Tambaya ɗaya ce ta dame shi.

"Me ya sa ni?"

"Mun gwada da reza, yana karkacewa. Mutumin ya ce in gefe bai miƙe ba ko makaho zai gane. Na ce masa ina da wanda hannunsa ba ya kuskure."

"Kuma ka san ba zan ɗaga marufin ba."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Na sani, Baba."

Baba ya dafa injin. Da yaron nan sata ya yi masa, da ya ce ƙuruciya. Da zaginsa ya yi a bainar jama'a, da ya ce ɓacin rai. Amma abu ɗayan da ya ɗauko ya nuna wa 'ya'yansa ya ce ga gadonku, shi yaron ya auna tsaf, ya ga nan ne ƙofar da ba a kullewa.

"Amma Umma, Yaya?" in ji Auta, hawaye na bin fuskarta. "Duk duniya ka rasa wanda za ka ba sai Umma?"

Dogo ya zabura. Ya rantse da Allah na Umma ba su ba ne. Na Umma daga ladan aikinsa ne, mutumin ya ba shi a ambulan, masu kyau, sababbi. Shi mahaukaci ne da zai kai wa uwarsa jabu? Ya zaro ambulan ɗin daga aljihun baya ya miƙa mata, ya ce ta duba da kanta.

Ta zaro guda ta ɗaga wa taga. Ta zaro wani. Ba ta ma ƙarasa ba, ta ajiye su kusa da huɗun, ta nuna masa lambar da farce.

Dogo ya daɗe yana kallon lambar. Shi da kansa ya zauna ya tsara ta a kwamfuta.

"Da su ya biya ni," ya ce a hankali. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗin ji. "Da nawa ya biya ni."

Ya lalubo waya ya kira mutumin. A kashe. Ya sake kira. A kashe. Baba ya tambaye shi sunansa, ya ce Oga kawai yake ce masa. Ɗakin fa? Ya ce shekaranjiya ya bi ta wurin ya ga kwaɗo a ƙofa, ya ɗauka tafiya ya yi.

Baba ya tuna kaurin ƙunshin nan, yadda da ƙyar ya shiga ƙarƙashin wuƙa. Duk suna can suna yawo. Ba a hannun manyan 'yan kasuwa ba, su suna da fitila mai shuɗin haske. Suna hannun mai kayan miya, da mai tura ruwa, da tsofaffi masu hazo a ido irin Inna, waɗanda in ka miƙa musu kuɗi fuskarka suke dubawa ba takardar ba.

Dogo ya rarrafo ya kama ƙafarsa.

"Baba, a ƙona su. Ka cire wuƙar yanzu ka kai wasawa, ba wanda zai taɓa sani. Inna tsohuwa ce, za su gaji su sake ta."

"Maganinta yana kan kantarmu," in ji Auta. "Tun jiya da safe nata ya ƙare. Kuma yau Asabar, Yaya. Sun ce in ba ta faɗi suna ba sai Litinin."

"To ki kai mata maganin mana."

"In kai mata in ce me? In ce ta ƙara haƙuri, wanda ta goya yana gida yana shan iska?"

Idon Baba yana kan ƙusoshin da suka riƙe wuƙar. Guda shida ne. Aikin kwata ɗin awa. Sifanar da ake kwance su da ita tana rataye a inda take kullum, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya miƙa hannu ya ɗauko ta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya tuna Umma da gwangwaninta. Ya tuna yaron nan yana shekara biyar, yana zaune a kan tarin rim ɗin can yana haɗa jirgi da tarkacen takarda. Ya ɗora sifanar a kan ƙusa ta farko.

Dogo ya saki ajiyar zuciya.

Ajiyar zuciyar nan ce ta tsayar da hannun Baba. Ya juyo ya kalli ɗansa, ya ga har ya fara share fuska, har kafaɗunsa sun sauka. Ko sau ɗaya bai tambayi a wane hali Inna take ba.

Ya mayar da sifanar inda take.

Ya cire rigar aikinsa ya ninke ta a kan kujera. Ya tattara kuɗin duka, da na Umma da na ambulan, ya sa a aljihun gaba. Ya ce wa Auta ta koma kanti ta ɗauko maganin ta same shi a can, kuma kada ta bi ta gida tukuna.

"Ina za ka, Baba?" in ji Dogo.

"Zan je in gaya musu wanda ya yanka."

"Za su kulle ka."

"Sun kulle wadda ba ta yanka ba."

"In suka tambaye ka wa ya kawo maka aikin fa?"

Baba ya tsaya a bakin ƙofa, bayansa a juye.

"Ba zan hau mota ba, Babana. A ƙafa zan tafi, kuma ka san ƙafata ba ta sauri. Ba zan waiwayo ba. Hanyar ofishin ka san ta, hanyar tasha ma ka san ta."

Ya fita. Mai gyaran takalma ya ce Mahauci ina zuwa da ranar nan, ya ɗaga masa hannu kawai.

Tafiyar rabin awa ce, ya yi ta a kusan awa guda. Ya wuce masu gyaran babur, ya wuce makarantar da yake yanka wa jarrabawa, ya wuce rumfar Inna, inda kiret-kiret ɗin ƙwai suke zaune a rana ba mai tsaro. Sau biyu yana jin takun sauri a bayansa, sai mai takun ya wuce shi, wani ne daban. Wuyansa har ciwo yake don son juyawa. Bai juya ba.

A ƙofar ofishin wani ɗan sanda yana zaune a benci yana fifita da hularsa. Ta tagar da ke bayansa Baba ya hango gefen ɗankwalin Inna, kanta a jingine da bango, idonta a rufe.

"Baba lafiya? Wa kake nema?"

Baba ya sa hannu a aljihun gaba.

Har zuwa wannan lokacin bai san ko Dogo yana tsaye a bayansa ko yana cikin mota ba. Bai san ko barci Inna take yi ba. Kuma bai san sunan da bakinsa zai faɗa ba in suka tambaye shi wanda ya kawo aikin.